Haƙuri da natsuwa: tunani a kan gajiyar malaman ƙananan yara

Babu kalmar da malamin makaranta ya fi ji a ƙasar nan kamar "haƙuri". In albashi ya makara, a ce ya yi haƙuri. In iska ta yaye rufin aji, haƙuri. In an tura shi ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, nan ma da haƙuri za a yi masa guzuri. Ba na ƙin wannan kalma, don kuwa magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai shekaru ashirin da na yi ina riƙe da alli a jahar Tawa sun koya mini cewa haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke yi yana sane da abin da ke cikin ransa. Akwai kuma wanda ake haɗiyewa kamar garwashi, a rufe baki, a bar shi yana cin ciki har ranar da zai samu kafar fita. A makarantun ƙananan yara, wannan kafa sau da yawa tsawa ce ko tsumagiya, wanda kuwa take sauka a kansa yaro ne ɗan shekara huɗu da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Mai karatu na iya cewa: me ya haɗa kifi da kaska? Malamin Faransanci da Hausa a kwaleji da lise, ina ruwansa da makarantar renon yara? Ruwana shi ne, duk abin da aka shuka can, mu ke girbe shi. Na koyar a Madawa, na koyar a Kaita, kuma kowace shekara, idan ɗaliban siziyam suka shigo, wato ajin farko na kwaleji, nakan samu waɗansu da sun san amsa amma bakinsu ya ƙi buɗuwa. Kana matsowa kusa da teburinsu don ka duba rubutu, sai ka ga sun ɗaga hannu sun kare kai. Wannan tsoro ba a kwaleji suka koye shi ba. Da shi suka zo, tun daga shekarun da suka fara sanin abin da ake kira makaranta. Dalili na biyu kuma na gida ne: ƙanwata malama ce a wani jardan na wani gari cikin gundumar Buza, kuma ta bakinta na san nauyin wannan aiki da mutane ke ɗauka wasa ne da waƙa kawai.

Doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda ta shata alƙiblar tsarin ilimi a Nijar, ta sanya karatun share fage a matsayin matakin farko na ilimin tushe. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, yara ƙalilan ne ke samun shiga jardan, akasarinsu a manyan garuruwa, inda kuma aka buɗe shi sai ya cika ya batse. Shekarar da nake magana a kanta, ajin ƙanwata na ɗauke da yara fiye da sittin, ita kaɗai, ba mataimakiya. Wannan ya yi fitsari, waccan ta ciji ƴar'uwarta, wancan yana kukan uwarsa, ga wani ya kwanta jikinsa zafi rau da zazzaɓi. Mafi yawansu Hausa suke ji, waɗansu Buzanci ko Fillanci suka tashi da shi, ita kuma ana jiran ta fara saba musu da Faransanci. A watannin Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, rufin kwano ya zama tanda. Lokacin hunturu ƙura ta cika aji, tari ya kama kowa.

Yaran kuma ba su zuwa da allo da ƙunshin abinci kaɗai, suna zuwa da abin da ke gidajensu. Ƙasar Adar ƙasar ƴan cin rani ce: da an kai amfanin gona rumbu, maza su kama hanyar Nijeriya, Kodibuwa ko Libiya, a bar mata da ɗawainiyar ruwa da icce da ciyarwa. A Madawa lokacin dashe da cirar albasa iyaye na fadama tun da asuba. A ƙarshen shekarar 2021, dubban mutanen da suka gudo daga jahar Sakkwato saboda ƴan bindiga sun sauka a ƙaramar hukumar Bangi, cikinsu har da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. A wannan shekara dai wuta ta tashi a azuzuwan zana har sau biyu: ranar 13 ga Afrilu a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasu, da ranar 8 ga Nuwamba a Maraɗi, inda aka rasa aƙalla 25. Daga nan ne gwamnati ta hana sanya ƴan share fage a irin waɗannan azuzuwa. Duk malamar da ta taɓa koyarwa ƙarƙashin zana ta san irin fargabar da ta kwana da ita bayan waɗannan labarai. In aka haɗa da halin malaman kwantaragi, waɗanda aka fara ɗauka tun ƙarshen shekarun 1990, da ƙarancin abin da suke samu da rashin tabbas ɗin gobe, za a ga kayan sun fi ƙarfin gammo.

Me wannan nauyi ke yi wa jikin mutum? Idan rai ya ji barazana, jiki kan zubo sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure. An halicce mu haka ne don mu tsere wa maciji ko gobara, sa'annan jiki ya koma yadda yake. Matsala na faruwa idan ƙararrawar ta ƙi yin shiru, yau da gobe, wata da watanni. Sai barci ya ƙaurace, ciwon kai ya zama abokin zama, abu kaɗan ya tunzura mutum. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, yin nesa da aikin a zuci har mutum ya riƙa ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. Ni "gajiyar rai" nake kiransa, domin gajiyar jiki barci ke maganinta, ita kuwa wannan ko an kwana an tashi tana nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gajiyar ba ta tsayawa kan mai ita. A shekarar 2016 waɗansu masu bincike biyu na jami'ar British Columbia a Kanada, Eva Oberle da Kimberly Schonert-Reichl, sun auna kotizol a yawun ɗalibai 406 na firamare, suka tarar ya fi yawa da safe a azuzuwan da malamansu suka fi kukan gajiyar rai. Binciken bai nuna wanda ya fara shafa wa wani ba, amma ya nuna ran malami da na ɗalibi igiya ɗaya ta ɗaure su. Tun 1975 kuma masanin halayyar yara Edward Tronick ya gwada yadda jariri ke rikicewa idan uwarsa ta daskarar da fuska na ƴan mintoci kawai: ya yi murmushi, ya miƙa hannu, in ba ta amsa ba ya ɓarke da kuka. Kakanninmu ba su buƙaci ɗakin bincike ba kafin su san haka, su da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙaramin yaro bai iya kwantar da kansa ba tukuna. Aron kwanciyar hankali yake yi daga babban da ke kusa da shi. Idan babban ba shi da ita, me zai ba da aro?

Wani hutun ƙarshen shekara ƙanwata ta zo gida, muna zaune tsakar gida bayan sallar isha'i, na ga ta rame. Na tambaye ta lafiya. Ta yi shiru, can ta ce:

"Yaya, wallahi ina son yaran nan. Amma akwai ranar da ban sanin lokacin da muryata ke tashi. Sai na ga sun yi tsit suna kallona, sa'annan in farga. In na koma gida kuma abin ya yi ta cina."

Innarmu na gefe tana jan tasbaha, ta ce: "Haƙuri za ki yi, ɗiyata. Kowane aiki da nashi."

Ta ce: "Inna, haƙurin nake yi tun safe. Shi ne ke ƙarewa kafin azahar."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ga mutum mai haƙuri, mai son aikinta, amma haƙurin nata kamar ruwan tulu ne, ana ɗiba ba a zubawa. Abin da ta rasa shi ne ta ga fushin tun yana tahowa, kafin ya iso baki. Ita kanta ta faɗa: ba ta sanin lokacin. Neman abin da zan ce mata ne ya kai ni ga karanta abin da masu Ingilishi ke kira mindfulness, Faransawa kuma pleine conscience.

Tarihin abin a asibitocin zamani ya fara ne a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn, wani masanin kimiyyar halittu, ya buɗe sashen rage damuwa a makarantar likitanci ta jami'ar Massachusetts a Amurka, don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Ya tsara horo na mako takwas: haɗuwa sau ɗaya a mako, da aikin gida na minti 45 kowace rana. Ana koya wa mutum ya zauna ya lura da numfashinsa, ya bi sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya yana jin abin da ke cikinsu, in tunani ya ɗauke shi ya lura ya ɗauke shi, ya dawo ba tare da ya zargi kansa ba. Manufar ba kore tunani ba ce. Ana so ne mutum ya saba da ganin abin da ke gudana a ransa a lokacin da yake gudana. A Faransa likita Christophe André na asibitin Sainte-Anne a Paris na cikin waɗanda suka yaɗa shi.

A matsayina na malamin harshe, na daɗe ina juya yadda za a kira wannan abu da Hausa. "Tunani" bai dace ba, don tunani ne ma ke sace mutum daga inda yake. "Hankali" ya yi faɗi. "Lura" ta kusa, amma ta fi karkata ga abin da ke waje. Wadda ta fi kwanta mini ita ce "natsuwa", in ana son ƙarin bayani a ce "halartar zuciya". Idan Bahaushe ya ce wa yaro "natsu", yana nufin ya tattaro hankalinsa wuri ɗaya, jikinsa da zuciyarsa su kasance a inda ƙafarsa take. Abin lura shi ne, mu malamai kullum muna umurtar yara su natsu, amma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake yi.

A nan dole in tsaya kan tambayar da na san tana zuciyar abokan aiki da yawa: wannan ba ibadar wasu ba ce aka sake wa riga? Gaskiya ne Kabat-Zinn ya ɗauko dabarunsa daga al'adar mabiya Buda, bai kuma ɓoye haka ba. Ya cire musu aƙida ya mai da su horon asibiti. Amma lura da numfashi da sanin halin zuciya ba gadon al'umma ɗaya ba ne. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san natsuwa na cikin farillan salla a mazhabar Malikiyya, wato gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada kafin a wuce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a Ihya'u Ulumiddini kan tsaron zuciya da yi wa kai hisabi. An kuma ruwaito a hadisi cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai sake shi ba ya kishingiɗa. Ba ina cewa salla dabarar rage gajiya ce ba, darajarta ta wuce nan. Ba kuma ina cewa ƙidayar numfashi ibada ce ba. Abin da nake nufi, malama Bahausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A cikin lacca da ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya jera haƙuri da hankali kowanne da gurbinsa. Tarbiyyarmu ta san abubuwa biyu ne. Mu ne muka riƙe ɗaya muka saki ɗaya.

To, shin abin na aiki ga malamai? A shekarar 2017 Patricia Jennings da abokan aikinta sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da malamai 224 a makarantun firamare 36 na birnin New York, har da masu koyar da ƴan share fage. Sunan shirin CARE, amma ba shi da haɗi da ƙungiyar CARE da mutanen Buza suka sani da dashen itatuwan kare iska a kwarin Majiya. An raba malaman biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka samu horo na kimanin awa 30. Waɗanda aka horar sun fi iya sarrafa motsin ransu, ƙuncinsu ya ragu, haka ma jin cewa kullum lokaci na korarsu. Masu sa ido da suka shiga azuzuwan kuma sun ga mu'amala da yara ta ƙara taushi.

Sai dai ba duka labarin ke da daɗi ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna MYRIAD da jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya, a makarantu fiye da 80, da ɗalibai sama da dubu 8 masu shekara 11 zuwa 14. Koyar da natsuwa a aji bai inganta lafiyar ran ɗaliban fiye da darussan da aka saba ba, yawancinsu ma ba su yi aikin a gida ba. Malaman da aka horar su ne suka ɗan samu sauƙin gajiya, shi ma bayan shekara guda ya dushe. Darasi biyu na ɗauka a nan. Na farko, natsuwa ba darasi ba ce da za a ɗora wa yara don su yi mana shiru. Daga babba take farawa. Na biyu, ba allurar rigakafi ba ce da ake yi sau ɗaya. Kamar sharar tsakar gida take, in an bari kwana biyu sai ƙura ta dawo. A nan Afirka ta Yamma kuma, wani gwaji da aka yi a makarantun share fage 240 na yankin Akara a Gana, a shekarar karatu ta 2015-2016, ya nuna horo kan dabarun koyar da ƙananan yara, tare da ziyarar mai ba da shawara a kai a kai, ya rage gajiyar malamai. Wannan ba horon natsuwa ba ne, amma ya tuna mana cewa wani sashe na gajiya daga kaɗaici yake da rashin sanin yadda za a yi.

Malamar da ke da yara sittin a makaranta da nata biyar a gida ba ta da minti 45 na zaman shiru. Saboda haka abin da muka gwada da ƙanwata, daga baya kuma da waɗansu abokan aikinta, ƙanana ne, ba su cin kuɗi, ba su cin lokaci.

Na farko a bakin ƙofa yake. Kafin ta shiga aji da safe, ta tsaya ta ji tafin ƙafarta a ƙasa, ta ja numfashi uku, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Akwai dalilin haka a jiki: lokacin fitar da numfashi, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, wadda likitoci ke kira vagus, tana rage saurin bugun zuciya. Abin da aka baro gida na nan, amma an ajiye shi bakin ƙofa kamar takalmi.

Na biyu, sanin maƙerar fushi a jiki. Kowa da inda nasa ke fara huruwa: wani a muƙamuƙi, wani a ƙirji, wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi. Ƙanwata ta gano nata a kafaɗa yake farawa. Wanda ya san wannan alama ya samu ratar daƙiƙa biyu ko uku tsakanin abin da yaro ya yi da abin da shi zai yi. Cikin wannan ƴar rata tarbiyya duka take. In alamar ta zo, ta durƙusa daidai tsawon yaron kafin ta yi magana. Da wuya mutum ya yi tsawa yana durƙushe, idonsa cikin idon yaro.

Na uku, kiran abu da sunansa. A 2007 Matthew Lieberman da abokansa a jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun nuna, ta hoton ƙwaƙwalwa, cewa sanya wa motsin rai suna na rage tashin sashen da ke kula da tsoro da faɗakarwa. A nan harshenmu mawadaci ne. Fushi daban, haushi daban, takaici daban. Ga ƙunci, ga zullumi, ga fargaba, ga ƙosawa. Malamar da ta ce a ranta "wannan takaicin albashi ne, ba laifin yaron nan ba ne" ta riga ta raba gari da tsakuwa. Ita ce kuma za ta iya koya wa yaro ya ce "na ji haushi" maimakon ya kai cizo.

Na huɗu, zama da juna. Bayan an sallami yara, malamai biyu ko uku su zauna minti goma: biyu na farko shiru, sauran kuma kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi masa nauyi yau da abu ɗaya da ya faranta masa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Ƙanwata ba ta ce mini ta daina fushi ba. Abin da ta ce shi ne yanzu takan gan shi tun daga nesa, wani lokaci ta riga shi, wani lokaci ya riga ta, amma ranakun da take komawa gida da nadama sun ragu.

Shekarun da na yi a Kaita sun ba ni misalin da nake fahimtar wannan da shi. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a can, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM, mata ne kuma suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙar ramuka a jikin tuddai. Ba wanda ya hana ruwan sama zuba, ba wanda ya rage ƙarfinsa. Abin da jerin duwatsu da ramuka da madatsai suka yi shi ne rage masa gudu, don ya samu lokacin shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya bar kwazazzabo. Inda aka ci gaba da gyara, itatuwa sun tsaya. Inda aka sake, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa. Haka natsuwa take ga ɓacin rai.

Amma akwai haɗarin da ya wajaba in ambata, in ba haka ba na ci amanar waɗanda nake magana dominsu. A 2019 Ronald Purser, malami a wata jami'a ta San Francisco, ya buga littafi mai suna McMindfulness, inda ya soki yadda kamfanoni ke koya wa ma'aikata numfashi don su jure yanayin da ya kamata a canza. Sukar ta shafe mu. In wata rana aka tara malamai a ɗakin taro kwana uku, aka koya musu rufe ido, aka raba kuɗin zama, sa'annan aka mai da su ajin yara sittin ba ruwan sha ba makewayi, to an sake ce musu "ku yi haƙuri" ne da sabon harshe. Numfashi ba ya gina aji, ba ya biyan bashin mai shago, ba ya zama mataimakiya. Wanda kuma gajiyarsa ta kai ga rashin barci na makonni, ko yanke ƙauna da rayuwa, likita yake buƙata, kada a tsaya wasa. Ni a ganina ma natsuwa ta gaskiya ba ta sa mutum ya yarda da zalunci. Wanda ya san daga inda ɓacin ransa ya fito, shi ya fi iya kai kukansa inda ya dace, gaban hukumar makaranta ko ƙungiyar ƙwadago, da hujja da ladabi, maimakon ya sauke shi a kan wanda ya fi kowa rauni.

Saboda haka ina da roƙo ga waɗanda wannan mujalla ke isa hannunsu. Ga masu horar da malamai, a makarantar Kawsen ta Tawa da sashen kimiyyar ilimi na jami'ar Djibo Hamani: kamar yadda ake koya wa ɗalibi-malami shirya darasi, a ware ƴan awowi a koya masa sanin kansa, a kuma auna a gani ko abin da ya yi amfani a New York zai yi a Tamaske ko Karofan, da yanayinmu da harshenmu. Ga masu duba makarantu da masu ba da shawara: tarukan CAPED da malamai ke yi don ƙara wa juna sani wuri ne da ya riga ya samu, minti goma sha biyar a farkonsu sun isa a fara. Ga kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata: uwa ɗaya da za ta riƙa zuwa bi da bi ta kama wa malama lokacin cin abinci da kai yara makewayi, ta fi dogon jawabi amfani. Ga ƙungiyoyin raya al'adu da marubuta kuwa, tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, aiki ya ƙaru a kanmu: mu tattara kalmomin da harshenmu ke bayyana halin zuciya da su, mu rubuta ƙananan littattafai, mu shirya shirye-shirye a gidajen rediyon karkara, don kada wannan sani ya iso mana cikin harshen da malamar ƙauye za ta ji shi kamar kayan aro.

Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu manta da hannun da ke tanƙwarawar. In hannun na rawa, iccen karyewa zai yi. Waɗannan mata da maza da muke miƙa wa ƴaƴanmu tun ba su iya ɗaura wando ba sun cancanci aji mai bango, albashi kan lokaci, da abokin aiki kusa. Kafin waɗannan su samu, da ma bayan sun samu, sun cancanci a koya musu yadda za su riƙe ransu ba tare da sun ƙone ba. Duk wanda zai sake ce wa malamar jardan ta yi haƙuri, ya fara zama ya tambaye ta abin da ke damunta, ya kuma natsu ya saurari amsar.